Yadda na nemo takardun kakan malamata daga Vilnius zuwa Molėtai

Wata takwas na kwashe a kan aikin da na ɗauka mako biyu zai ishe ni, kuma rabin wannan lokaci ni na ɓata shi da hannuna, saboda ban san ƙofar da ya kamata in fara ƙwanƙwasawa ba. Shi ya sa na ga gara in rubuta yadda abin ya gudana daki-daki, ko wani ɗalibi da ke zaune a Lituweniya zai ci karo da irin wannan aike, ko wani mai neman asalin mutum a tsoffin takardun gabashin Turai.

Mafarin abin wata malamata ce da ta koyar da ni lokacin da nake digiri na biyu a Johannesburg. Dattijuwa ce Bayahudiya, kuma ta riƙe ni da mutunci ƙwarai a shekaru biyun da na yi a hannunta. Da ta ji na koma Vilnius, babban birnin Lituweniya, ci gaba da karatu, sai ta aiko mini da saƙo a farkon Janairu. Ta ce kakanta na wajen uba ɗan wani gari ne da a gidansu ake kira Malat. Ya bar can a 1928, ya shiga jirgin ruwa zuwa Cape Town, ya bar ƙannensa mata biyu a gida, kuma daga 1941 wasiƙarsu ba ta sake zuwa ba. Abu biyu take so. Na farko takardar da za ta nuna kakan ɗan ƙasar Lituweniya ne kafin ya tafi, don 'ya'yanta na son neman a maido musu da haƙƙin zama 'yan ƙasar. Na biyu, duk abin da zan iya ganowa game da matan nan biyu. Na ce mata, "Malama, wannan ai ba wani abu ba ne, ki ba ni mako biyu." Har yau in na tuna wannan amsa sai in ji kunya.

Cikas na farko a taswira na same shi. Na rubuta Malat a waya, babu gari mai wannan suna a Lituweniya. Na tambayi abokan karatuna 'yan ƙasar, kowa ya girgiza kai. Sai da na shiga rumbun bayanai na JewishGen, inda ake iya neman gari da kowane irin suna da aka taɓa kiransa, sannan na gane Malat sunan garin ne da harshen Yidish, harshen da Yahudawan yankin ke yi a gida suna rubuta shi da haruffan Ibrananci, kamar yadda namu ajamin yake Hausa da haruffan Larabci. A takardun Rasha garin Malyaty ne, a na Polan Malaty, a yau kuwa Molėtai, wani ɗan gari mai mutane kamar dubu shida a tsakiyar tafkuna, kilomita 60 da ɗoriya arewa da Vilnius. Gari ɗaya, suna huɗu. A lokacin dariya abin ya ba ni. Ban san mutumin da nake nema ma haka yake ba.

Da zumuɗina na tafi Ma'adanar Tarihi ta Ƙasa a Vilnius, wadda ake taƙaita sunanta LVIA, ba tare da komai a hannu ba sai fasfona da saƙon malama a waya. Ranar sanyi ya kai inda ya kai, ƙanƙara ta rufe ko'ina. Ma'aikaciyar da ta karɓe ni ta saurare ni har na gama, sannan cikin ladabi ta tambaye ni mene ne dangantakata da mutumin. Na ce kakan malamata ne. Ta bayyana mini cewa karatu a ɗakin bincike daban, neman takardar shaida mai hatimi wadda hukuma za ta karɓa daban. Ta biyun sai jikar da kanta ta nema, ko ta ba ni takardar wakilci, tare da takardun da ke nuna ita jikarsa ce. Na fito jiki a sanyaye, amma laifina ne, don duk wannan yana rubuce a shafinsu da ban karanta ba.

Haɗa waɗannan takardu ya ci mako biyar. Malama ta je wurin lauyan da ke tabbatar da takardu ta rubuta wakilcin da sunana kamar yadda yake a fasfo, ta haɗa da takardar haihuwarta da ta mahaifinta, aka buga musu hatimin da ake kira apostil, wanda ƙasashen da suka shiga yarjejeniyar Hague ta 1961 ke karɓa a tsakaninsu. Afirka ta Kudu da Lituweniya duk suna ciki, shi ya sa abin ya zo da sauƙi. Wanda zai kawo takarda daga Najeriya ya sani ita ba ta ciki, don haka sai ya bi ta ma'aikatar harkokin waje da ofishin jakadanci, kamar yadda muka yi da takardun makarantarmu. Da ambulan ɗin ya iso sai fassara. Dole a juya komai zuwa harshen Lituweniya a ofishin masu fassara, mai fassarar ya sa hannu. Inda na kai, shafi ɗaya ya kama kusan yuro 15. A nan ma na yi asarar kwana uku, domin sun canja harafi ɗaya a sunan gidan malama, ni kuma ban duba ba sai da na isa gida. Duk wanda ya karɓi fassara ya tsaya a gaban teburin ya karanta sunaye da ranaku harafi-harafi kafin ya biya.

A ƙarshen Fabrairu na miƙa buƙatar. Na rubuta sunan kakan kamar yadda yake a takardunsa na Afirka ta Kudu, da ranar haihuwar da ke kansu, na biya kuɗin bincike ta banki, na haɗa rasit. Na jira kusan wata guda. Amsar da ta zo ta imel gajera ce: a littattafan da suka duba ba a samu haihuwar mai wannan suna a wannan shekara ba. Kuɗin kuwa na aikin dubawa ne, ko an samu ko ba a samu ba. Na kasa kiran malama a ranar. Sai washegari na rubuta mata, ta amsa da cewa kada in damu, dama ba ta sa rai sosai ba. Wannan haƙuri nata ya fi faɗa yi mini ciwo.

Wani dattijo da na haɗu da shi a ɗakin bincike, wanda neman asalin mutane shi ne sana'arsa, shi ya buɗe mini ido a cikin minti goma. Ya dubi takardar da na cike ya tambaye ni, wane ne ya taɓa kiran jariri da sunan Ingilishi a Malat a zamanin sarkin Rasha? Sunan da na rubuta a Cape Town mutumin ya ɗauke shi. Ya ba ni misali: wanda aka raɗa wa Moshe ranar kaciya, magatakardan Rasha zai rubuta shi Movsha, na Lituweniya ya rubuta Mauša, in ya sauka a Afirka ta Kudu ya zama Morris. Sunan gida ma haka. A takardun Lituweniya ana maƙala wa suna jela, ta yadda a ce Levin, namiji zai koma Levinas, matarsa Levinienė, 'yarsa budurwa Levinaitė. Sannan ya zo kan kwanan wata. Rasha ta sarakuna da tsohuwar kalandar Juliyas take aiki, wadda ke bayan ta yanzu da kwana 12 a ƙarni na 19, da kwana 13 a ƙarni na 20. Mutanen kansu kuma da watannin Ibrananci suke lissafi, mutum ya san an haife shi kusa da idi kaza, in jami'in shige da fice ya matsa masa sai ya faɗi ranar da ta zo bakinsa. Mu da kakanninmu ke cewa an haife su shekarar fara ko shekarar zuwan jirgi, wannan bai kamata ya ba ni mamaki ba, amma ya ba ni.

Abu mafi muhimmanci da ya faɗa mini shi ne na nufi ma'adanar da ba ita ce ta fi dacewa da buƙatata ba. Takardar haihuwa ta zamanin Rasha, ko da an same ta, haihuwa kawai take nunawa. Ƙasar Lituweniya ta ayyana 'yancinta ne ranar 16 ga Fabrairu 1918, kuma abin da doka ke nema shi ne shaidar cewa mutum ɗan wannan ƙasa ne kafin 15 ga Yuni 1940, ranar da sojojin Sobiyet suka mamaye ta. Wanda ya fita tun kafin 1918 galibi bai taɓa riƙe wannan matsayi ba. Takardun shekarun 1918 zuwa 1940 kuwa suna Babbar Ma'adanar Ƙasa, LCVA, can wajen unguwar Antakalnis. A waɗannan shekaru kowane baligi sai ya mallaki fasfon cikin gida, wato katin shaida, kuma fayilolin neman sa suna nan. Ya ƙara ja mini kunne kan iyaka. A zamanin Rasha Molėtai na ƙarƙashin lardin Vilna, amma daga 1920 zuwa 1939 Vilnius na hannun Polan, shi kuwa Molėtai ya zauna a ɓangaren Lituweniya, a gundumar Utena, dab da layin da ya raba ƙasashen biyu. Saboda haka a takardun Utena zan nema. Da kakan malama ɗan wani ƙauye ne 'yan kilomitoci kudu da nan, da labarin 'ya'yanta ya sha bamban.

Na koma wa malama da tambaya ɗaya: mene ne rubuce da Ibrananci a kan kabarin kakanta a Johannesburg? Ta je ta ɗauko hoto. Duwatsun kaburburan Yahudawa suna ɗauke da sunan yanka da sunan uba, wane ɗan wane, kamar yadda muke yi. Da waɗannan sunaye biyu na shiga rumbun LitvakSIG, wanda masu sa kai suka shekara da shekaru suna juya jerin sunayen da ke ma'adanun nan zuwa haruffan boko. Na saita binciken ya bi lafazi maimakon rubutu. A daren farko na ci karo da shi: sunan yanka daidai, sunan uba daidai, garin Molėtai, sunan gida da jelarsa ta Lituweniya. A gefe akwai lambobi uku, kuma su ne mabuɗin komai a ma'adanun ƙasar nan: fondas, wato rukunin takardun hukumar da ta tara su, apyrašas, wato jerin abin da ke cikin rukunin, da byla, wato fayil ɗin kansa. Wanda ya je da lambobin nan uku an gama masa aiki. Wanda ya je da suna kawai, sai dai Allah ya taimake shi.

A Afrilu na yi rajista a ɗakin karatun LCVA da fasfona, na cike takardar neman fayil, aka gaya mini ranar da zan dawo. Da aka ajiye mini shi a kan tebur, takardun sun yi ruwan ƙasa, gefensu ya fara cinyewa. Ga hoton saurayi da kwat wadda ta fi ƙarfinsa, kunnuwansa a buɗe, goshinsa sak na malama. Sana'a tela. A gurbin addini an rubuta addinin Musa. Ranar haihuwarsa ta bambanta da ta takardun Afirka ta Kudu da kwana 13 cif, shekarar kuma da ɗaya. Na daɗe ina kallon hoton kafin in tuna abin da ya kawo ni. Na nemi kwafi mai hatimi da takardar shaida ta ma'adanar, na miƙa wakilcin da fassarorin da tun Fabrairu suke jakata, na biya, bayan 'yan makonni na karɓa. Na aika mata ta kamfanin aika saƙo da rajista. Duka-duka abin da ya fita daga aljihu tun farko bai wuce yuro 200 ba, kuma fiye da rabinsa fassara da aikawa suka ci. Neman zama ɗan ƙasar kansa ba ni na yi ba. Wannan ta manhajar MIGRIS ta hukumar shige da fice ake shigar da shi, kuma 'ya'yan malama ne ke bin abinsu.

A jerin sunayen nan na ga ƙannen biyu ma, kowace da jelar 'yan mata a sunanta. Daga nan takarda ta fara ƙarewa. Ɗaya na same ta a rumbun sunaye na Yad Vashem, cibiyar tunawa da Yahudawan da aka kashe a Yaƙin Duniya na Biyu, da ke Birnin Ƙudus, a wata takardar shaida da wani ɗan garinsu da ya tsira ya cike a shekarun 1950. Ya rubuta sunan mijinta, ya ce tana da 'ya'ya, ya rubuta Malat, 1941. Ɗayar ban same ta a ko'ina ba bayan hoton fasfonta.

A nan ne na zauna na karanta abin da ya faru da garin, don har lokacin sunaye kawai nake bi. Ƙidayar Rasha ta 1897 ta nuna kusan kashi 80 cikin 100 na mutanen Molėtai Yahudawa ne: 'yan kasuwa, teloli, masu gyaran takalma, masu amalanke. Talauci ya sa da yawa suka bi hanyar Afirka ta Kudu, har ya zama mafi yawan Yahudawan can asalinsu Lituweniya ne, kafin dokar ƙayyade baƙi ta 1930 ta kusan rufe ƙofar. Kakan malama da shekara biyu ya riga rufewar. Jamus ta afka wa Tarayyar Sobiyet ranar 22 ga Yuni 1941, cikin 'yan kwanaki Lituweniya ta faɗa hannunta. A ƙarshen Agusta aka tattara Yahudawan Molėtai aka kulle su a wurin ibadarsu kwana da kwanaki ba ci ba sha, sannan ranar 29 ga wata aka kora su zuwa wani rami a bakin gari aka harbe su. Jami'an Jamus ne suka ba da umarni, amma cikin masu tsaro da masu harbi akwai 'yan Lituweniya, waɗanda ake kira masu farin ƙyalle a hannu. Kwamandan rundunar kisan, Karl Jäger, ya rubuta rahoto ranar 1 ga Disamba 1941 kamar mai lissafin kaya a shago. A layin 29 ga Agusta ya haɗa Utena da Molėtai: maza 582, mata 1,731, yara 1,469, jimilla 3,782. Na Molėtai kaɗai ana ƙiyasta su kusan dubu biyu. Babu suna ko ɗaya a rahoton. Na gane dalilin da ya sa ƙanwa ta biyu ba ta fito a ko'ina ba.

Wani abokina ɗan gida, da ya ga na duƙufa, ya tambaye ni me ya haɗa ni da sha'anin Yahudawa a irin wannan lokaci. Na fahimci inda ya dosa, kuma ni ma ina da ra'ayina kan abin da ake yi wa Falasɗinawa. Amma ƙannen telan nan da yara 1,469 da aka jera a bakin rami shekara bakwai kafin a kafa ƙasar Isra'ila, ban ga abin da suka yi wa kowa ba. Kuma amana aka ba ni.

A ƙarshen Agusta na hau motar safe daga tashar Vilnius. Kuɗin mota bai kai yuro 10 ba, tafiyar sa'a ɗaya da 'yan mintuna ce a kan hanyar Utena, ana wuce wurin da masana taswira na Faransa suka ce a 1989 shi ne tsakiyar nahiyar Turai. Daji da ruwa, daji da ruwa, har aka isa. Garin tsaf, shiru, ga tafki a tsakiyarsa mutane na yawo da yara a bakinsa, ga coci mai hasumiya biyu. Wanda bai sani ba zai sha kofi ya koma bai ga komai ba. A babban titi akwai dogon gini na jan bulo wanda a da jerin shagunan Yahudawa ne, na tsaya a gabansa ina tunanin ko a wace ƙofa telan ya koyi ɗinki. Na shiga gidan tarihin yankin, ma'aikaciyar ta zana mini hanya a takarda zuwa tsohuwar maƙabarta da wurin ramin. Da na rubuta musu tun kafin in zo, da sun shirya mini wanda zai raka ni.

A maƙabartar na yi kusan sa'a biyu ina ɗaukar hoton duwatsu, ko za a dace da na mahaifinsu. Da yawa gansakuka ta cinye rubutunsu, wasu sun karkata. Dabarar da dattijon nan ya koya mini ta yi amfani: a kan dutse ana rubuta shekarar Ibrananci da haruffa ba tare da dubban ba, sai ka ƙara 1240 a kan abin da ya fito, ta yadda 680 za ta ba ka 1920. Ban samu wanda nake nema ba. Daga nan na taka zuwa wurin ramin, tafiyar da ba ta da nisa ko kaɗan daga tsakiyar gari, kuma wannan kusanci shi ya fi tsaya mini a rai, don babu yadda za a ce ba a ji ƙarar bindiga a gidaje ba. A 2016, shekara 75 cif bayan kisan, kimanin mutum dubu uku sun bi wannan hanya da ƙafa, bayan marubucin wasan kwaikwayo Marius Ivaškevičius, wanda ɗan garin ne, ya yi kira ga 'yan ƙasarsa su fito su raka dangin mamatan da suka zo daga ƙasashen waje. Ranar da na je ni kaɗai ne. A kan dutsen tunawar akwai ƙananan duwatsu birjik, don al'adarsu dutse ake ajiyewa maimakon fure. Na kira malama ta bidiyo na juya mata wayar. Ta daɗe ba ta ce komai ba, sannan ta ce in ajiye mata guda biyu. Na tsinto daga gefen hanya na ajiye.

In da zan sake wannan aiki, da hoton kabari zan fara, kafin in taka ƙofar kowace ma'adana, don sunan yanka da na uba su ne ba sa canjawa daga ƙasa zuwa ƙasa. Zan rubuta duk sunayen garin a takarda ɗaya tare da lardin da yake ƙarƙashinsa a kowane zamani, in tantance tun farko ko shaidar haihuwa nake nema ko ta zama ɗan ƙasa, in sa a fara haɗa wakilci da hatimi tun ranar farko don su suka fi cin lokaci. Ba zan ƙara amincewa da ranar haihuwa guda ɗaya ba, zan nemi a duba shekara biyu gaba da biyu baya. Adireshi da farashin ma'adanun kuma a duba shafinsu ana gobe za a je. Wanda zai je garin ya guji lokacin sanyi, don ƙanƙara na binne duwatsun maƙabarta, rana kuma kafin ƙarfe huɗu da rabi ta faɗi.

Makon jiya malama ta aiko mini da hoton wata tsohuwar wasiƙa da ta tsinta a akwatin mahaifinta, da Yidish, mai tambarin gidan waya na 1939. A ƙasanta akwai sa hannun ƙanwar da ban samu ba, kuma sunan gidan da ta rubuta ba nasu ba ne, da alama ta yi aure. Na riga na cike sabuwar takardar neman fayil da wannan suna, an ce in dawo ranar Talata.